Allah Ya Ja Zamanin Bokitin Kurkuku

Gaishe ka, mai kusurwa! Gaishe ka na bayan ƙyaure, dattijon da ba ya gajiya, ma'aikacin da ba ya ritaya, wanda gwamnatoci suka zo suka same shi a zaune, suka tafi suka bar shi a zaune. Ranka ya daɗe, bokitin gidan yari, uban ɗaurarru, mai masaukin masu jiran shari'a, mai karɓar gaisuwa dare da rana ba shamaki ba dogari, mai ƙamshin da ke riga shi isa bakin zaure. Soja sun hau sun sauka, farar hula sun hau sun sauka, an sake tsarin mulki, an sake kuɗi, an sake taken ƙasa har an koma wa na da, kai kuwa kana nan daram inda Bature ya ajiye ka. A ƙasar da kullum ake kukan ba abin da ke ɗorewa, ya kamata a ce maroƙa sun daɗe da gano ƙofarka. Tun da sun yi sakaci, bari mu rage musu bashi.

Asali ba a sayensa a kasuwa, kuma mai girma bokiti ɗan babban gida ne, daga Ingila ya fito. A 1842 Turawa suka buɗe kurkukun Pentonville a Landan, suka yi gangancin sa wa kowane ɗaki masai na ruwa. Ba a yi nisa ba hankali ya dawo musu, domin an ce fursunoni na toshe bututun, suna kuma aika wa juna saƙo ta cikinsa. Sai aka ciccire masan nan, aka naɗa bokiti a gurbinsu, ya riƙe sarautar fiye da shekara ɗari. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya leƙa gidan yarin birni, ya rubuta wa magabatansa labarin cunkoso da ɗoyin da ya tarar, cikin ƙyama irin ta mutumin da ya zo da wayewa. Wayewar kuwa ta zo da gine-ginenta, irin kurkukun Kurmawa da aka gina a 1910, ta kuma zo da bokitinta. A lokacin har manyan garuruwa sun ɗanɗana mulkinsa, ana yin bahaya a cikinsa, masu kwasa suna bi gida gida da dare suna ɗauka a ka. Daga baya mutanen gari suka yi masa tawaye, suka haƙa shadda, masu hali suka sa na ruwa. Gidan yari ne kaɗai ya san darajar tsohon alkawari.

Su kuwa waɗanda suka haife shi, butulci suka yi masa. A watan Afrilu na 1990 fursunonin Strangeways a birnin Manchester suka tayar da bore, suka hau rufin kurkuku, aka kwana 25 ana abu ɗaya. Maimakon a ƙara musu bokiti su natsu, sai aka sa wani babban alƙali mai suna Woolf ya yi bincike, shi kuma ya ba da shawara a tsige dattijon. A 1996 Ingila ta yi shelar ta sallame shi, ko da yake masu biyayya a wasu tsofaffin gidajen sun ci gaba da ɓoye shi don lalurar dare. A Sukotland abin ya fi muni: wani mai jiran shari'a da aka tsare a kurkukun Barlinnie ya kai ƙara, a 2004 kotu ta ce an wulaƙanta shi, har aka biya shi diyya. A 2019 kotun ƙolin Ailan ta ba wani tsohon fursunan Mountjoy Yuro 7,500 kan irin wannan kuka. Dubi lalacewar zamani! Mutum ya kwana kusa da babba, maimakon ya yi godiya, sai a biya shi kuɗi. Mu kam Allah ya tsare mu da wannan rashin kunya. Abin da Bature ya ba mu amana mun riƙe masa, ko da shi ya manta.

Wanda bai ga zaman fadar mai girma da dare ba, bai ga mulki ba. Tun rana ba ta faɗi ba ake ƙirga mutane, a tura su ɗaki, a datse ƙofa, ba kuma za ta sake buɗuwa ba sai gari ya waye tangaran. A tsakanin nan duk mai buƙata, ƙarama ko babba, hanyarsa ɗaya ce. Jama'ar fadar kuwa ba ta yin kaɗan. Kurkukun Ikoyi a Legas an gina shi don mutum 800, amma a ƙarshen 2019 an ƙirga sama da 3,000 a cikinsa, kuma ba shi kaɗai ke da wannan albarka ta yawan baƙi ba. A irin waɗannan ɗakuna kwanciyar rigingine alfarma ce. Ana kwanciya ne a kan haƙarƙari, a jere kamar itacen sayarwa, ƙafar wannan a fuskar wancan, wanda bai sami ƙasa ba ya kwana a tsugune. Mai son kai gaisuwa kusurwa sai ya taka cinyar wani, ya dafa kan wani, ya sha zagi a duhu, kafin ya iso. Da ya iso kuma ba labule, ba bango, ba murfi sai guntun kwali in an dace. Duk abin da cikinsa ya faɗa, ɗaki ya ji. Wace majalisa ce a ƙasar nan ke gudanar da harkokinta a fili haka, ba rufa-rufa, ba zaman sirri?

Ga kuma tsari, wanda ma'aikatu da yawa za su yi sha'awarsa. Kowane ɗaki da shugabansa daga cikin ɗaurarru, da muƙarrabansa, da dokokinsa. Tsofaffin hannu da masu ɗan abin miƙawa su ke kwana kusa da taga ko bakin ƙofa, inda iska ke ɗan leƙowa. Sabon shiga wanda ba shi da ko sisi, wanda ba mai kawo masa ziyara, shi ake karramawa da kujerar gaba. Shugaban ɗaki zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai baƙo, ga makwancinka can, gefen bokiti. Da safe kai za ka fitar." A wace fada ake ɗaukar talaka ranar zuwansa a zaunar da shi daf da sarki? A waje sai ka shekara kana bin 'yan ƙofa ba ka ga fuskar kansila ba. A nan daren farko kanka na jingine da karaga, kuma duk wanda ya kuskure saiti a duhu, kai ne za ka fara samun tabarraki.

Mai girma bokiti babban malami ne, fanninsa haƙuri, kuma ba ya karɓar kuɗin laraba. Dubi dattijon nan mai furfura da rikicin gona ya kawo shi. A gidansa ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin shigarsa makewayi ba, sai ya faki ido yake ɗaukar buta. Yau ga shi a tsakiyar samari sa'o'in jikokinsa, an miƙo gabzar yamma, ya kawar da kai. Wani yaro da ke gefensa ya ce, "Baba, ka daure ka ci ko loma biyu." Ya ce, "Bar shi, ɗana, na ƙoshi." Ba ƙoshi ba ne, lissafi ne: abin da bai shiga ba, ba zai nemi fita ba. Ruwa ma kurɓa ɗaya yake yi, ko da a zafin Afrilu ne, lokacin da bango ke gumi, kwanon rufi ke huci har tsakar dare. Haka zai matse cikinsa, yana juyi, yana salati ƙasa ƙasa, har ranar da jiki zai fi ƙarfin kunya. Ran nan zai tashi ya taka samarin, ya tsuguna a gabansu, su kuma masu tarbiyya daga cikinsu su juya fuska bango. Daga ranar ya sauke karatu. Girman da ya tara a shekara sittin, malam ya sauke masa shi a dare ɗaya, ya huta da kaya. Ina makarantar da ke koyar da tawali'u da sauri haka?

Masu tsegumi za su kawo zancen tsarki. Za su ce a makarantar zaure babin tsarki na gaba da babin salla, wai tsafta cikon addini ce, wai mai salla na bukatar tsarkin jiki da tufa da wuri. To, ai lada gwargwadon wahala ne. Kowa na iya yin salla a kan darduma mai laushi, ga fanka, ga turare. Gwanin shi ne wanda zai yi asuba a taku biyu da bokitin da ya cika ya fara tumbatsa, da ragowar ruwan buta wanda sai ya zaɓa ko ya sha ko ya yi alwala, yana ɗage gefen wandonsa daga danshin da ke biyo siminti. Kirista ma da ke gefensa yana addu'arsa cikin iska ɗaya, da hanci ɗaya. Shekara nawa ana kafa kwamitoci don haɗa kan addinai? Ga wanda ya haɗa su ba taro, ba otal, ba kuɗin zama.

In kuwa mai girma ya cika kafin asuba, wanda yakan faru don farin jininsa, jama'a ba sa rasa dabara. Akwai leda, akwai gorar ruwa da aka yanke wa baki, akwai kwanon da da rana ake karɓar abinci da shi. Ana yawan zargin matasanmu da rashin ƙirƙira. A zo a gani.

Da safe kuma sai hawa. Gandiroba ya zare sakata, ya ja da baya taku uku, don girmamawa. Sai ga mai girma ya fito a hannun dakarunsa biyu, wani lokaci an zura sanda a mariƙinsa, suna tafe a hankali, suna karkace fuska, shi kuwa yana rangaji, yana yayyafa wa ƙafafunsu da farfajiya abin da ya sawwaƙa. Ƙudaje na gaba suna share hanya, wasu na baya suna rakiya. Ba mai tsayawa a gabansa, babba ko yaro, mai kaki ko mai ɗauri. Kowa darewa yake yi, abin da ko jiniyar gwamna ba ta cika samu ba. A kai shi rami a juye, a ɗauraye shi da ɗan ruwan da aka samu, sabulu kuwa sai ranar da wata ƙungiya ta kawo sadaka aka ɗauki hoto. Daga nan dakarun su wuce layin karɓar koko da hannuwan nan nasu masu albarka.

Kyauta kuwa halinsa ce, ba ya karɓa ya hana. Abin da mutum ɗaya ya kawo masa da dare, kafin mako ya zagayo ya raba wa ɗaki duka, ta ƙafar ƙuda, ta hannu, ta bakin kwano. Mai atuni ya shigo shi kaɗai, sai ga shi da abokai. Zazzaɓin taifot da amai da gudawa sun san shi, tsofaffin aminai ne, hanyarsu ɗaya: daga bahayar wani zuwa bakin wani. Ƙazuwa na bin tabarmi, tarin fuka na bin numfashi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kowa da aikinsa, ba mai shiga gonar wani. Kuma alherin ba ya tsayawa a bayan katanga. Gandirobobi na shaƙa tare da ɗaurarru, su koma barikinsu da shi. Wanda aka sallama ya kai wa iyalinsa tsaraba. Da damina kwata ta ɗebi nata kason ta kai wa unguwar da ke maƙwabtaka. Ganuwar kurkuku na tare mutum, amma ba ta taɓa hana mai girma zumunci da mutanen gari ba.

Sai mu zo kan tattali, inda ya kere sa'a. Masai na ruwa ɗan gata ne mai yawan bani-bani: yana son ruwa, ruwa na son famfo, famfo na son tanki, tanki na son inji, inji na son wuta ko mai, dukansu kuma na son mai gyara da mai sa ido. A gidajen da aka yi kuskuren sa shi, da zarar inji ya mutu sai ya toshe, ya yi ambaliya, ya zama abin kallo, a koma a ba dattijo haƙuri ya dawo riƙon ƙwarya, riƙon da kan zarce shekaru. Shi kuwa bai taɓa neman ko kwabo a kasafin kuɗi ba. Bai san an ɗauke wuta ba. Ba ya yajin aiki. In ya tsage a ɗaure shi da waya, in ya huje a liƙe shi da narkakkiyar roba. Saboda kamun kansa, duk kuɗin da da za a ɓata kan bututu da siminti sun sami damar tafiya wuraren da suka fi cancanta, wuraren da mu talakawa bai dace mu tambaya ba.

Hukuma ma ba ta bar shi da nauyin shi kaɗai ba. A watan Disamba na 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ana ciyar da kowane ɗaurarre da naira 750 a rana, kowane karen hukumar kuma da naira 800. Masu gajeren tunani suka yi ta surutu. Ba su hango hikimar ba: in ciki bai cika ba, bokiti ba zai cika da wuri ba. Wannan shi ne tsara abu tun daga tushe. Daga baya an ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125, amma tsadar hatsi ta yi maza ta gyara ɓarnar, don haka mai girma na iya kwantar da hankalinsa.

Doka ma ta sha kai masa hari, ya tsallake ba ko ƙwarzane. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowane mutum na da haƙƙin a mutunta shi, kada a wulaƙanta shi. Mai girma ya ji, ya yi gyaran murya. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni, ta 15 daga ciki ta ce a tanadar wa kowane fursuna inda zai biya bukatarsa lokacin da ta taso, cikin tsafta da mutunci. Aka sa wa ƙa'idojin sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 18 a tsibirin Robben yana wanke nasa bokitin kowace safiya. To, wane dalili ya fi wannan? Mutum ya yi zaman almajirci a gaban bokiti, ya fito ya zama shugaban ƙasa. Wa ya san shugabanni nawa muke renawa a ɗakunan nan? A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, gidajen yari suka koma gidajen gyaran hali, aka sake allunan ƙofa da kan takardu. Dokar har ta ba jami'i ikon ƙin karɓar sabon ɗaurarre in gida ya cika. Amma mu mutane ne masu karamci, ba a san mu da korar baƙo daga ƙofa ba.

A shekarar nan ta 2019 ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bahaya a fili, da niyyar gamawa a 2025. Jihar Jigawa ta riga kowa cika sharaɗi a 2022, aka yi mata tafi. Amma adalci shi ne a tuna da wanda ya cika shi tun zamanin Turawa. A ɗakin kurkuku ba mai yin bahaya a fili. A cikin ɗaki ake yi, ƙofa a kulle, da kwaɗo, da mai gadi a waje. Ran 19 ga Nuwamba, ranar makewayi ta duniya, in manya sun taru a babban zaure suna jawabi, ya kamata a ware masa kujera a sahun gaba, a kuma kawo shi yadda ya kwana, don mahalarta su amfana.

Abin tausayi a nan manyan mutane ne. In ƙaddara ta faɗa wa mai kuɗi ko mai muƙami aka tsare shi, da wuya a bar shi ya sami wannan falala. Ko a kai shi keɓaɓɓen ɗaki mai makewayinsa, ko hawan jini ya taso masa tun a harabar kotu a wuce da shi asibiti. Haka zai gama zamansa ya fita da girman kansa yadda ya shiga, ba abin da ya ƙaru da shi. Mai girma bokiti na talakawa ne, ya san nasa. A watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 ta biya wa mutum 4,068 tarar da ta riƙe su a kurkuku. In aka raba, kowane kai bai kai naira 150,000 ba. Waɗannan su ne fadawansa na haƙiƙa, masu arahar shiga, masu tsadar fita.

Babbar martabarsa kuwa ita ce ba ya jiran alƙali. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma tsarin mulki ya ce marasa laifi ne har sai an tabbatar. Kotu na iya ɗage zama, fayil na iya ɓata, shaida na iya ƙin zuwa, motar kai su kotu na iya rasa mai, shekaru su yi ta wucewa. Shi kuwa tun daren farko yake zartar da nasa hukuncin, kan mai laifi da marar laifi daidai wa daida, ba ɗaukaka ƙara. A ƙasar da ake kukan jinkirin shari'a, ga wanda bai taɓa ɗage zama ba ko sau ɗaya.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada hassada ta kama ka don kana ganin wasu sun riga ka. Fadar mai girma ba ta bukatar takardar neman izini, ba ta bukatar ɗan majalisa ya tsaya maka. Ya isa ka ci bashin da ka kasa biya, ko ka yi cacar baki da wanda ya san babban ɗan sanda, ko motar sintiri ta same ka a bakin titi a daren da ake kame, aljihunka kuma babu na beli. Sauran aikin hukuma za ta ƙarasa maka shi kyauta, har da mota. In an kai ka, ka shiga da sallama, ka gai da shugaban ɗaki, ka rage cin tuwon dare. Wurinka na nan an keɓe maka, a sahun gaba.